Yadda ake auna ƙarfin damƙar hannu da dainamomita

Ana yawan tambayarmu yadda ake amfani da dainamomita, wato na'urar da mutum ke matsewa da hannu don ta nuna ƙarfin damƙarsa. Ga matakan:

1. Zaɓi na'urar da ta dace. Wadda ake kira Jamar ce aka fi sani a asibitoci, tana auna har kilo 90. Ga mai rauni sosai, gara ta lantarki mai nuna lamba a allo, don allurar da ke nuna awo a fuskar Jamar ba ta nuna ƙaramin ƙarfi da kyau.
2. Sa mariƙin Jamar a mataki na 2 cikin matakai 5 na daidaita faɗinsa.
3. Mayar da allurar kan sifili.
4. Zaunar da mutum a kujera, tafin ƙafafu a ƙasa.
5. Ya lanƙwasa gwiwar hannu digiri 90, damtse manne da jiki, babban yatsa yana kallon sama.

Hattara: nan aka fi kuskure. Idan ya miƙe hannu ko ya danna na'urar a cinya, lambar za ta sauya, awon ya lalace.

6. Tallafe gindin na'urar da tafinka, tana da nauyi.
7. Ce masa ya matse iya ƙarfinsa, daƙiƙa 3 zuwa 5.
8. Rubuta lambar da kilo.
9. Bar shi ya huta minti 1, domin gajiya na rage lamba.
10. Maimaita sau 3 a kowane hannu.

Kada a auna hannun da ke da karaya, kumburi ko sabon ɗinki.

A ma'aunin Turai na tsofaffi, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace alamar raunin tsoka ce, sai a tura shi wurin likita.