Yadda za ki haɗa kalar marun ta fito ras

Marun dai ja ne mai duhu, kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri, kuma wallahi ina son kalar nan saboda ba ta zaɓen fata, fara ko baƙa kowa tana karɓarta. Amma fa tana da nauyi, sai an iya haɗi.

In leshi ne ko shadda kika ɗinka, nemi gyale ruwan madara, ki ɗora sarƙa da ɗankunne ruwan gwal, takalmi da jaka su bi gwal ɗin, shikenan kin gama, ko amarya albarka. Ruwan toka ma yana zama da ita sosai, musamman ga maza in an sa hula ruwan toka mai ɗan ratsin marun a kan farar shadda. Ruwan hoda mara haske kuwa yana sanyaya ta, ya dace da anko na rana.

Kar dai ki haɗa ta da jan tumatir ko ruwan goro, faɗa suke yi. Sannan a kasuwa ki fito waje da yadin ki duba a hasken rana, don wutar shago tana ɓoye ainihin kala. Wankin farko ki ware shi daban, wani yana zuba.