Yadda ake zaɓen fenti mai kyau na cikin ɗaki

Kafin ka nufi kasuwa, fara tantance ɗakin da za a yi wa fenti, domin shi zai nuna maka irin wanda ya dace. Fentin ruwa, wanda masu sana'ar ke kira imalshan, shi ake shafa wa bangon cikin gida, kuma kashi biyu ne. Akwai mara sheƙi, mai ɓoye tudu da kwarin filasta, amma ba ya jure goga. Akwai mai ɗan sheƙi, wato satin ko siliki, wanda ake iya share shi da jiƙaƙƙen tsumma. Silin da ɗakin kwanan manya, mara sheƙi ya wadatar. Falo da zaure da ɗakin yara da kicin kuwa, inda hannu da maiƙo ke yawan taɓa bango, satin ne ya fi, sai dai yana fallasa duk wata makusar filasta, don haka sai bango ya yi sumul. Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe. Idan aka shafe bangon siminti da shi, yana rufe laima a ciki har ya kumbura ya ɓare.

Mataki na biyu shi ne awo. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, da tsayin mita 3, bangonsa ya kai kusan murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga. Shafe biyu ake yi, ka ga 80 ke nan. Fenti mai kyau, lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, saboda haka lita 8, wato galan biyu na lita 4, sun isa. Mai araha yakan rufe rabin haka, kuma sai an bi shi sau uku ko huɗu kafin launin ya zauna. A nan mutane ke yin asara: suna kwatanta kuɗin bokiti da bokiti, alhali abin lissafi shi ne bango nawa bokitin zai rufe. Duba jikin bokitin, kamfanin kirki yana rubuta wannan adadi.

Sai maganar kamfani. A Najeriya akwai sanannu kamar Dulux na kamfanin CAP, da Berger, da Meyer, da Sandtex, ga kuma ƙananan kamfanoni birjik, wasunsu ma suna yin mai kyau. Sunan kaɗai bai wadatar ba, domin kamfani ɗaya yakan fitar da aji-aji, daga mai tsada har zuwa na masu kwangila. Tambayi ajin da ake ba ka. Nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, da lambar rukunin da aka haɗa shi, da ranar haɗawa, sannan ka tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba. 'Yan jabu suna sayen tsofaffin bokitan manyan kamfanoni su ɗura nasu haɗin, shi ya sa saye a wurin dilan kamfani ya fi kwanciyar hankali. Idan bokiti fiye da ɗaya za ka saya, su zama rukuni ɗaya, in ba haka ba launin na iya ɗan saɓawa daga bango zuwa bango.

Gwaji ne zai raba gardama. Sayi galan ɗaya tukuna. Da ka buɗe, idan ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko ka juya da sanda ka tarar da gudaji sun ƙi narkewa, mayar da shi. Kauri ba shaida ba ce, ana iya ƙara wa fenti kauri da sinadari mai araha. Ja layi da baƙin gawayi a bango, ka kakkaɓe, ka shafa fentin sau biyu a faɗin mita ɗaya, da tazarar awa 4 tsakani. Mai kyau zai ɓoye layin. Bayan mako guda ka shafa tafin hannunka a wurin. Idan ya fito fari kamar ka taɓa allon makaranta, alli ya yi yawa a haɗin, ɗankon da ke riƙe shi ya yi kaɗan, kuma haka zai riƙa ɓata tufafin duk wanda ya jingina. Satin kuma ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ka ga ko launi zai biyo. Duba launin da rana, ka sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki, domin yakan canza, kuma ya fi duhu a bango fiye da yadda yake a katin shago.

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa fenti na bango ne. Sabuwar filasta tana bukatar aƙalla kwana 28 ta bushe, da damina ma fiye da haka. Idan aka yi gaggawa, gishirin siminti zai fito fari-fari ya tura fentin waje. A fara da firaima, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, mai jure kaifin siminti, ita ce ke hana bango shanye fenti mai tsada. Inda laima ke tasowa daga ƙasan bango ko bututu ke yoyo, babu fentin da zai zauna sai an gyara tushen matsalar. Da hunturu a share ƙura tas, a rufe tagogin da iska ke bugowa, don kada ta manne a ɗanyen fenti.

Ka kuma sa ido a kan ruwan da mai fenti ke zubawa. Yawanci bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma ba, wato lita 2 a bokitin lita 20, sai dai in kamfanin ya rubuta wani adadi dabam. Wasu kan tsuga ruwa don bokiti ya yi auki, aikin ya yi kyau ranar biyan kuɗi, bayan 'yan watanni ya koɗe. A buɗe bokitin a gabanka, a auna ruwan da galan, kuma ka ajiye ragowar lita ɗaya a rufe da kyau, nesa da rana, don gyaran tabo.