Yadda na gyara allon shagona da fenti ke ta ɓarewa

Allon shagona na ɗinki da hannu aka rubuta shi, harda zanen keken ɗinki da almakashi, amma ko damina ɗaya bai cinye ba fentin ya fara tashi, kana sa farce yana ɓantarowa. Yara suna ta cewa in je a bugo min bana kawai, wato tallar nan ta leda da ake bugawa da inji, ni kuma bana son ta, rana na dukanta jan ya koɗe, iska ta yage ta, ga shi duk layin iri ɗaya ce.

Wani dattijo mai rubutun bayan manyan motoci na kai wa, yana shafawa ya ce ai sabon kwano ne mai ƙyalli, shi fentin mai baya zama a kan ruwan zinc ɗin jikinsa, daga ƙasa yake sakewa komin tsadarsa.

To sai muka kankare shi tas da samfefa, aka wanke da omo saboda maiƙon kamfani, aka goge da ruwan khal, ya bushe sosai, sannan firaima ta kwano, wato shafin farko da ke riƙe fenti, shafi marar kauri, ta kwana. Farin fenti sau biyu. Layi kuma zare ya shafa wa alli ya ja ya saki, ya fitar da haruffan da alli kafin ya ɗauki buroshi, wallahi hannunsa ko rawa baya yi.

A cikin ɗaki muka shanya shi don ƙurar hunturu na mannewa a ɗanyen fenti. Damina ta zo ta wuce, lambar wayata ma daga tsallaken titi ana karanta ta.