Yadda Mai Tsoron Teku Zai Ji Daɗin Hutu a Zanzibar

Mutumin da gabansa ke faɗuwa idan ya ga ruwa marar iyaka zai iya jin daɗin tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya ba tare da ya yi iyo ba, muddin ya tsara tafiyarsa tun daga gida. Daga birnin Darussalam da ke gaɓar tekun ƙasar, jirgin ruwa yakan ɗauki kusan awa 2, jirgin sama kuwa kimanin minti 20, saboda haka gara ka biya kuɗin jirgin sama ka huta da fargaba.

Wurin sauka shi ne ya fi muhimmanci. Ka nemi masauki a gabashin tsibirin, a Paje ko Jambiani, inda ruwa ke janyewa sau biyu a yini har ya bar fili mai faɗi na farin yashi, inda za ka tarar da mata suna noman ciyawar teku a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Ka tambayi masu masaukin lokacin janyewar ruwa, ka sa takalmin roba saboda halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa, sannan ka juyo da wuri, domin ruwan yakan dawo da sauri. A Nungwi da ke arewa kuwa, ruwan ya fi zurfi kusa da gaɓa.

Idan an gayyace ka yawon kwalekwale, ba abin kunya ba ne ka ce a'a. Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da gonakin kanumfari da kirfa, da jajayen birai na dajin Jozani, duk a tudu suke.