Yadda za ki kammala wa jaririnki allurar riga-kafi

Duk matar da ta zo awon ciki a ɗakin shan maganin da nake aiki, a nan ƙasar Katagum, nakan gaya mata cewa allurar riga-kafi ba ta jiran suna. Ko a gida kika haihu, a kawo jaririn tun ranar. Ta ciwon hanta an fi son ta shiga cikin awa 24 na farko, domin uwa takan ɗauki cutar ba ta sani ba, ta shafa wa ɗa wajen haihuwa. A zuwan nan ne kuma ake ɗiga masa maganin shan inna, a yi masa BCG ta tarin fuka a damtsen hagu. Na san mai jego ba ta fita. To, ba ke ake nema ba. Kakarsa ko gwaggonsa ta naɗo shi a zane, ya wadatar.

Bayan 'yan makonni wurin BCG zai yi ƙurji, ya fashe, ya bushe ya bar tabo. Haka ake so. A ja kunnen mai yi masa wanka kada ta matse shi ko ta gasa, kada kuma a shafa masa komai.

Za a ba ki kati. Ki sa shi a leda, ki adana inda ruwa da yara ba za su kai ba. In haihuwar fari ce kin tafi wankan gida, ko Misau ne ko Darazo, ki tafi da shi. Kowane asibitin gwamnati zai ɗora daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne.

Komawa ta farko sai yaro ya yi sati 6, wato kwana biyu bayan arba'in. Kafin ki fara yawon arba'in gidajen dangi, ki fara biyowa ta wurinmu. Daga nan sai sati 10, sai sati 14. A waɗannan zuwa uku ake yin Penta a cinya, allura guda mai tare cuta biyar, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Akwai kuma ta ciwon huhu, da ɗigon rota na gudawa, da na shan inna.

A nan mata suka fi gudu. Penta takan sa zazzaɓi, cinya ta ɗan kumbura, yaro ya kwana yana tsala kuka, gari na wayewa maigida ya ce ba a ƙara kai masa ɗa. Ban ga laifin uban da ya ji tausayin ɗansa ba, amma zazzaɓin nan kwana ɗaya ne ko biyu. Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, ki ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan cinyar. Farasitamol kuwa, daidai awon da ma'aikaciya ta nuna miki. In ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ki dawo da shi maza. Malam maigida, kai ma ka tuna 2023, lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano da Yobe da nan jihar Bauchi. Akasarin yaran da ya kayar ba su kammala Penta ba, wasu ko ɗaya ba a yi musu ba.

Wata 6 ana ba da bitamin A. Wata 9 sai ƙyanda, shawara da sanƙarau. Shawarar nan ita ce ta ɓulla a Alƙaleri, wajen Yankari, a 2019. Wata 15 sai ƙyanda zagaye na biyu, wadda aka fi mantawa saboda yaro ya fara tafiya, ana ganin ya wuce wurin.

Sau da yawa in na tambayi uwa kati, sai ta ce, "Ai Malama, an ɗiga masa a gida, har an shafa masa tawada a ɗan yatsa." Masu bi gida-gida da alli suna rubutu a bango, na shan inna suke bayarwa. Ki karɓa duk zuwan da suka yi, don da irinsa aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020. Amma ɗigon nan ba ya tare ƙyanda ko mashaƙo, waɗannan sai an zo asibiti.

In ranar ta kuɓuce miki, ko da wata uku ne, ki zo kawai. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Wata ma'aikaciyar za ta yi miki faɗa, ki toshe kunne a yi wa ɗanki. Mura ko ɗan zawo ma ba sa hana allura.

Ki kuma tambayi ranar da asibitinku ke yin BCG da ƙyanda. Kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta wuce awa 6 sai a zubar, shi ya sa ƙananan asibitoci kan ware musu rana guda a sati. Ki sa a rubuta miki ranar a bayan katin, ki sammako.