Yadda za ki yi idan yaronki na firgita cikin dare

Mu nan Agege a Legas ɗaki ɗaya muke kwana da yara, duk motsin da yaro ya yi a kunnena yake. Bara autana mai shekara 4 ya yi kusan wata guda yana tashi da ihu, har makwabta suka fara cewa gamo ya yi. Addu'a kam ba mu fasa ba, amma ga abin da na bi har muka samu sauƙi, 'yar'uwa ko zai amfane ki.

Da farko ki duba agogo. Idan ya zabura awa biyu ko uku da kwanciya, yana ihu, gumi sharkaf, ido a buɗe amma bai gane ki ba, kina kiran sunansa kamar da bango kike magana, to wannan firgitar barci mai nauyi ce. Dan Allah kar ki jijjiga shi, kar ki watsa mai ruwa, ki dai kau da abin da zai buge ki zauna kusa, mintuna kaɗan zai koma barci kuma da safe ba abin da zai tuna. Shi kuwa mummunan mafarki ya fi zuwa can goshin asuba, yaro zai farka sarai, ya ƙanƙame ki, har ya ba ki labarin abin da ya biyo shi.

Sai ki taɓa jikinsa. Zazzaɓi na kawo mafarkai barkatai, kin kuwa san sauron Legas, in jiki da zafi a je a yi gwajin maleriya kafin a ɗura mai magani. Haka daren da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya ga ƙarar janareton makwabci, barcin yaro a gutsuttsure yake.

Daga nan ki bi sawun yininsa, nan ne fa aikin yake. Me ya gani, me aka gaya mai? Ni da na zauna da nawa da rana ina lallaɓa shi, ashe manyan yaran gidan hayarmu ne ke kallon fim ɗin fatalwa a waya a bakin baranda shi kuma yana leƙe ta bayansu, sannan in ya yi ƙiriniya su ce Ojuju Kalaba, dodon da ake tsorata yara da shi a nan, na zuwa ya kama shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 bai gama raba gaskiya da ƙirƙira ba, dodon da kika ambata da la'asar dan ya ci tuwo shi zai zo mai da dare. Wallahi mu daina cewa za a kira ɗan sanda ko za a yi maka allura. Bidiyon hatsari na WhatsApp ma a daina buɗewa a gabansu, in kuma saɓani ne da maigida a bari sai ba sa nan.

Ki lissafa barcinsa kuma. Ɗan shekara 3 zuwa 5 na buƙatar awa 10 zuwa 13 har da na rana, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, mu kuwa saboda gosulo, wato cunkoson motoci, ƙarfe 5 ake tada yaro ya yi shirin makaranta alhali sai 11 ya kwanta, gajiyar nan ita ke ƙara firgitar. Ana idar da isha'i ki karɓe waya, ki mai wanka, ya yi fitsari, ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a hannu ki shafe mai jiki sau uku, shi ma ki koya mai. Ki bar fitila mai caji a kunne kaɗan.

In ya farka da kuka ki rungume shi, banda cewa namiji ba ya tsoro. Nawa ya dage akwai mutum tsaye bayan ƙofa, na haska tocila muka je tare, babbar rigar babansa ce rataye a ƙusa, na sa ya taɓa ta da hannunsa.

Amma in kika ga jikinsa na sandarewa ko karkarwa, ko yana minshari har numfashi na ɗaukewa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya tsiri tsoron wani mutum guda, kar ki tsaya jira, ki kai shi wajen likitan yara, shi kuma mutumin kar ki sake barin su su biyu.