Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Wasanni a Gida da Gano Matsalarta Idan Ta Ƙi Tashi

Kafin ka biya kuɗin ko da sukuru ɗaya, ka tabbatar kayan da za ka saya sun dace da juna, domin kuskuren saye ya fi kuskuren haɗi tsada. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ne ke zaɓar babban allon da za a ɗora shi a kai, wanda masu gyara ke kira madabod, shi kuma allon ne ke zaɓar irin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Firosesan AMD masu shiga gurbin AM5, wanda ya fito a 2022, ba sa aiki sai da DDR5, na gurbin AM4 kuma da DDR4 suke tafiya. A ɓangaren Intel, allunan gurbin LGA1700 sun kasu biyu, wasu na DDR4, wasu na DDR5, kuma ba a musanya su, domin tsagar da ke jikin sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba. Ka kuma auna tsawon katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hotunan wasa, da cikin gidan kwamfutar, saboda manyan katunan yanzu sukan wuce santimita 30.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne maganar akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta lantarki. Mutane da yawa sukan zuba kuɗinsu duka a katin hoto, sannan su sayi akwatin wuta mara suna da canjin da ya rage, alhali shi ne ke ciyar da kowane sashe, kuma idan ya ƙone yakan tafi da wasu. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, ko inda ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta, wannan ba wurin tsimi ba ne. Ka nemi na kamfani sananne, mai shaidar 80 Plus ta rashin ɓarnar wuta, mai ƙarfin da ya kai ko ya ɗara abin da kamfanin katin hoton ya ba da shawara. Katin hoto na hannu ana iya sayensa idan an gwada shi a gabanka yana ɗaukar wasa, amma akwatin wuta na hannu ban ga dalilin sayensa ba. Idan za ka haɗa da UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, irin wanda ke ba da tsaftatacciyar wuta irin ta layi ya fi aminci, domin wasu akwatunan wuta na zamani sukan mutu nan take idan ƙaramin UPS ya karɓi aiki.

Ranar haɗi, kada ka fara da gidan kwamfutar. Ka ɗora babban allon a kan kwalinsa, bisa tebur mai haske, ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa kayan, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara lantarki a jikin mutum. Ka buɗe gurbin firosesa, ka daidaita ƙaramar alama mai kusurwa uku da ke gefensa da wadda ke jikin gurbin, ka ajiye shi a hankali ya zauna da kansa. A AM5 da LGA1700 allurai suna cikin gurbin ne, a AM4 kuma suna jikin firosesan, kuma ko ina suke, dannawa da ƙarfi na iya lanƙwasa su. Idan sandunan RAM biyu ne, allon kuma yana da gurabe huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake sawa, amma littafin allon ne ke da magana ta ƙarshe. Ka danna kowace sanda har maƙallinta ya rufe, sannan ka saka siririyar ma'ajiyar bayanai ta M.2 a gurbinta a karkace ka kwantar da ita.

Wajen na'urar sanyaya firosesa akwai ledar kariya a ƙasanta da ake yawan mantawa da ita, sai a yi ta mamakin zafi. Ka ɓare ta, ka ɗiga man da ke isar da zafi kamar girman ƙwayar wake a tsakiyar firosesan idan na'urar ba ta zo da nata ba, ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka jona wayar fankar a inda aka rubuta CPU_FAN.

Tun allon yana kan kwali za ka yi gwajin farko. Ka saka katin hoto, ka jona babbar waya mai ƙafa 24, da mai ƙafa 8 ta firosesa, da ta katin hoton. Waɗannan biyun na ƙarshe suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, don haka ka karanta rubutun da ke kan kowace. Idan katin mai sabuwar mahaɗa ce ta ƙafa 16, ka tura ta har ƙarshe ba tare da barin ko ɗan gibi ba, domin rashin zamanta daidai na cikin abin da ya narkar da mahaɗar wasu katunan RTX 4090 a 2022. Ka taɓa ƙafafu biyu na maɓallin kunnawa da ke jikin allon da bakin sukundireba na ɗan lokaci. Idan hoton BIOS, wato manhajar saiti da ke cikin allon, ya bayyana, ka san kayanka lafiya suke, kuma duk abin da ya ɓaci bayan an mayar da su cikin gida, daga haɗin ne. A can ciki abin lura shi ne ƙananan ginshiƙan da ke ɗaga allon daga ƙarfe: kowane ya kasance daidai ramin sukuru, kada a bar ko ɗaya a inda babu rami.

Idan kuwa ta ƙi tashi, kada ka yi saurin yanke hukuncin cewa wani abu ya mutu. Idan ko fanka ba ta motsa ba, ka duba makunnin da ke bayan akwatin wuta da wayoyin maɓallin gaba. Idan fankoki suna juyawa amma babu hoto, ka fara duba inda ka jona wayar HDMI, domin a jikin katin hoto ya kamata ta shiga, kuma firosesa irin su Ryzen 5 5600 da na Intel masu harafin F a ƙarshe ba su da hoton kansu sam. Ka kuma yi haƙuri, saboda allon DDR5 yakan ɗauki mintuna a kunnawar farko yana daidaita RAM. Alluna da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu, CPU ta firosesa da DRAM ta RAM da VGA ta katin hoto da BOOT ta ma'ajiyar bayanai, wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda tafiyar ta tsaya. Mafi yawan lokuta DRAM ce, maganinta kuma shi ne a cire sandunan, a mayar da ɗaya kawai, a gwada. Idan hakan bai yi ba, ka kashe wuta, ka cire ƙaramin batirin CR2032 da ke jikin allon na wasu mintuna. Fitilar CPU kuma tana iya nufin BIOS ya tsufa, kamar yadda allunan B450 suka buƙaci sabuntawa kafin su karɓi Ryzen 5000. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba.

Bayan ta tashi, ka kunna saitin XMP ko EXPO a cikin BIOS domin RAM ya yi gudun da aka rubuta masa, ka tabbatar saitin tsaro na TPM 2.0 yana kunne idan Windows 11 za ka ɗora, kuma filash mai 8GB ya isa wannan aikin. Kwamfutar da ke mutuwa a tsakiyar wasa kaɗai, yawanci zafi ne ko ƙarancin wuta. Ka duba zafin da manhaja irin HWiNFO, ka gwada RAM da MemTest86, ka kashe XMP ka ga ko matsalar za ta tafi. A garuruwa irin Kano da Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ka ɗora ta a kan tebur maimakon ƙasa, ka bar mata sarari a gaba da baya, kuma a lokacin ƙura ka riƙa cire matatun gidanta kana wankewa, kana riƙe fankokin da yatsa yayin da kake hura musu iska domin kada su yi gudun da zai lalata su.